Ƙofar Bayan Bopa Glenys

A layin Bethania ba a ƙwanƙwasa ƙofa. Gidajen dutse ne a jere manne da juna a gefen tudu, cikin wani kwari na kudancin Wales, kowanne da ƙofa biyu. Ta gaba ta mai kawo wasiƙa ce da likita da akwatin gawa. Ta baya, wadda ke fita lungu, ita ce ta mutane: ka danna hannun ƙofa, ka turo kai, ka ce "ni ne", ka jawo kujera. Wanda duk ya ƙwanƙwasa, ko dai baƙo ne, ko kuwa daga ramin kwal aka aiko shi, kuma ramin bai taɓa aiko mutum da albishir ba.

Glenys tana ƙaramar yarinya aka ƙwanƙwasa ta gidansu. Mahaifiyarta na murza ƙullun burodi, ta ji bugun, ta tsaya tana goge hannu yatsa bayan yatsa, don kawai kada ta isa ƙofar da wuri. Manajan rami ne tsaye, hula a hannu, yaran layi sun biyo shi a baya sun yi cirko-cirko, cikinsu har da Dilwyn ɗan maƙwabta. Rami ya rufta da mahaifinta a aikin safe.

Rayuwa ba ta kai Glenys nesa ba. Aure ya ɗauke ta daga wannan ƙarshen layin ya ajiye ta a wancan, gidan Emrys Pritchard, shi ma mahaƙin kwal, mutum mai sanyin baki wanda in ya yi magana biyu a jere sai a tambaya ko lafiya. Ta yi shekaru tana ɗinka wuyan riga a masana'antar ƙasan kwari, ta haifi ɗa guda wanda yanzu yake Kanada yana aiko hotunan jikoki. Shekarar babban yajin aiki, da albashi ya yanke, a kicin ɗinta aka girke tukunyar layi. Wanda ya samo dankali ya kawo, wanda ya samo ƙashin rago ya kawo, wanda bai samo komai ba ya kawo kwanonsa. Tun daga lokacin yara suka shiga ce mata Bopa, yadda ake ce wa kowace goggon unguwa a kwarin, sunan ya bi ta har yau da yaran suka yi furfura.

Aka rufe ramin, amma ramin bai saki Emrys ba. Ƙurar da ya shaƙa ta zauna masa a ƙirji, ta ci shi a hankali har ta gama. Abu ɗaya ya bari wanda bai mutu da shi ba: kwal ɗin kyauta da ake ba tsoffin mahaƙa da matan da suka bari. Mota na zuwa ta sauke buhuna a ɗakin kwal na baya, Glenys ta tsaya da hannu a ƙugu tana kallo kamar ita ta haƙo shi.

Sauran gidajen layin sun daɗe da komawa gas, har ana yi wa Bopa dariyar toka da baƙin hannu. Da gas ya yi tsadar da talaka ke kunna shi yana kallon agogo, sai dariya ta koma ciki. Murhu ɗaya ne a layin Bethania da ke ci tun asuba, kuma kowa ya san hanyarsa. Dilwyn Mai Bas, wanda ya yi ritaya daga tuƙi amma bai yi ritaya daga gardama ba, shi ne na farkon shigowa, da jaridarsa, ya zauna a kujerar Emrys ba tare da an taɓa ba shi ita ba. Sai Cerys, matashiyar da ke gidan kusa, da jaririnta Osian da kwandon wanki da za ta shanya gaban wuta. Sai tsofaffin matan coci, sai duk wanda sanyi ya koro. Butar shayi ba ta sauka, kaskon ƙarfe kuma na gefen wuta ana toya 'yar wainar nan mai zabibi da ake barbaɗa wa sukari. Glenys tana mita, tana cewa sun mayar mata da gida tashar mota, tana ƙara kwal a wuta.

Wata safiya cikin bazara, ana tsakiyar gardama kan ƙwallon zari-ruga, aka ƙwanƙwasa ƙofar gaba.

Shayin Dilwyn ya zube masa a gwiwa bai ji ba. Ramin ya yi shekara da shekaru a rufe, ciyawa ta rufe bakinsa, amma Glenys sai da ta goge hannunta yatsa bayan yatsa kafin ta tashi. Wata yarinya ce da jakar takardu da murmushi har kunne, ta ce sunanta Rhian, daga ƙungiyar da ke kula da gidajen layin.

"'Yar nan," in ji Glenys, "gobe in za ki zo, ki biyo ta lungu, ki turo ƙofa. Kin kusa kashe mini tsoho a kan kujera."

Rhian ta sha shayi, ta ci waina, ta yi bayani. Za a lulluɓe bangon gidajen layin daga waje da abin tare sanyi, a shimfiɗa wani a cikin rufi, a sauya tagogi da ƙofofi, a cire gas da kwal a sa injin ɗumama gida mai aiki da lantarki. Mazauna ba za su biya ko sisi ba.

"Kyauta?" Dilwyn ya leƙo ta saman jarida. "Na girme wa wannan labarin. Wa zai biya?"

Rhian ta ce gwamnati ta ba da rabo, sauran kuma daga wani kamfanin jigilar kaya ne a can birni. Motocinsa na fitar da hayaƙin da ke ɗumama duniya, ba zai iya daina shi duka yanzu ba, don haka yana biya a rage hayaƙi a wani wurin. Duk hayaƙin da layin Bethania ya daina fitarwa, a auna shi, kamfanin ya saya.

Glenys ta ajiye buta. "Tsaya in gane. Su su yi zunubi, ni in tuba?"

"Su biya ki kuɗin tuban dai, Bopa," in ji Cerys, aka kwashe da dariya.

"To na ji ana sayar da kwal, na ji ana sayar da toka. Yau kuma ga mai sayen hayaƙin da ba a yi ba. In na zauna ban yi tari ba, nawa za su ba ni?"

Rhian ta yi dariya ita ma, sannan ta zo kan maganar da ta kawo ta. Kwal ya fi gas hayaƙi nesa ba kusa ba, ga shi murhun Bopa ba ya hutawa. Bututun gidanta shi kaɗai ya fi na gidaje da yawa a haɗe. In ba a toshe shi ba, abin da za a auna ba zai kai a yi wa layin aikin ba, sai a kai shi wani ƙauyen. Wato ɗumin kowa yana hannun Glenys Pritchard.

Bopa ta ce za ta yi shawara. Shawarar ta cinye bazara.

Mutane suka ɗauka wutar Emrys take wa kuka, ita ma ta bar su a haka, don ya fi daɗin faɗa. Gaskiyar ba nan take ba. Glenys ba ta son ɗaukar bokitin kwal, bayanta ya daɗe da gaya mata ya gaji. Tsoro take ji. Tun rasuwar Emrys ba ta taɓa yin yini guda ita kaɗai ba, kuma ba ta taɓa samun dalilin tambayar kanta ba: wurinta ake zuwa, ko wurin wutar? In kowa ya sami ɗumi a ɗakinsa, wa zai ratsa lungu cikin ruwan sama don ya ji tsohuwa tana mita? Tambaya ce da mace mai girman kai irinta ba za ta yi wa kowa ba, kuma ta fi son ta mutu ba ta ji amsar ba.

Dilwyn ne ya kasa haƙuri. Wata rana, hancinsa cikin jarida, ya ce da murya sama, "Akwai mutanen da in Allah ya ba su wuta, sai su fi son kowa ya zo ya durƙusa ya ɗiba."

Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Glenys ta ce, "Akwai kuma waɗanda suka ƙone gindin wandonsu a wutar mutane, ba su taɓa kawo ko ƙwayar ashana ba."

"Ni dai ban kira suna ba."

"Ni ma ban kira ba. Ɗaga ƙafarka zan share."

Sun saba irin wannan tun suna yara, amma wannan karon ta shiga, don rabinta gaskiya ce.

Cerys kuwa ba ta taɓa cewa uffan ba, kuma shirun nata ne ya yi aikin. Wata safiya Glenys ta ɗauki Osian don uwarsa ta shanya kaya, ta kai hanci wuyansa kamar yadda ake yi wa jarirai, sai ta ji warin danshi a rigarsa, warin bango mai funfuna. Ta kara kunne a bayansa. Numfashinsa na fita da wani ɗan kurman fito da ta sani sarai, ta yi shekaru tana kwana kusa da shi a ƙirjin Emrys. Ta miƙa yaron, ta ce, "Kira mini yarinyar nan mai sayen hayaƙi. Ki ce ta biyo ta lungu."

Da kaka ma'aikata suka cika layin da ƙarafan hawa da ƙarar rediyo. Gidaje suka sa fararen riguna ɗaya bayan ɗaya, har tsofaffi na ɓata ƙofarsu. Ranar da aka zo kan gidan Bopa, aka kwashe murhu, aka toshe bututu, aka cire tsohuwar ƙofar baya mai ramukan da iska ke busa sarewa a ciki, aka kafa sabuwa mai kauri da ke rufe kanta ruf. Glenys ta shige ɗakin gaba ta ba su baya. Shugaban ma'aikatan ya biyo ta yana so ya nuna mata abubuwa, yadda ake juya ɗumi da yadda ake kaza da kaza, kamar yadda ya nuna a kowane gida.

"Na gane, na gane," ta ce, idonta a taga. "Na yi shekara saba'in da ɗoriya ina buɗe ƙofa, ba sai an koya mini ba."

Ya ajiye makullai a kan tebur ya fita.

Sanyi ya sauko da wuri a shekarar. Gidan kuwa, sai dai a faɗi gaskiya ko da ba daɗi: ɗumi ko'ina. Ɗakin kwana da a da take shiga da hula da safa biyu, yanzu sai ta yi barci da bargo ɗaya. Ba toka, ba bokiti, gwiwoyinta suka daina kuka da safe. Ta ɗora buta a kan sabon murhun lantarki, ta jera kofuna kamar kullum, ta zauna.

Ba wanda ya shigo.

Ranar farko ta ce ai kowa na ɗokin sabon gidansa. Ta biyu ta ce ruwan sama ne. Da aka ɗauki kwanaki sai ta daina ba su uzuri, ta mayar da kofunan cikin kabad, ta bar guda. Sabbin tagogin ba sa barin ko kukan kare ya shigo, gidan ya yi shiru irin wanda ake jin bugun agogo daga sama. Ba ta da abin fita yi a baya, tunda babu kwal ɗin ɗebowa babu tokar zubarwa, cefane kuwa mota ke kawo mata ta ƙofar gaba. Ran Lahadi ta ƙi zuwa coci, don kada a ga fuskarta a karanta. Amsar da take gudu ta zo ta same ta har kan kujera: wutar ce. Ta ji ciwon abin ƙwarai, ciwon da ya fi na ranar da aka kwashe murhun, har ta yi kuka sau ɗaya a gaban injin wanki, abin da ba ta yi ba tun jana'izar Emrys.

Cerys ta bugo waya. "Bopa, lafiya kuwa? Kina bukatar wani abu?"

"Me zan bukata? Gida ɗumi, ciki cike. Ku ji daɗin gidajenku."

"To... in dai kina son hutawa ne..."

"Hutawa nake yi, 'yar nan, irin wanda ban taɓa samu ba."

Ta ajiye wayar tana jin ta yi nasara, nasarar da ba a ci da ita ba a sha.

Sabo turken wawa. Wata safiya hannunta ya kwaɓa ƙullun waina kafin kanta ya tuna babu mai ci, kuma ya kwaɓa na mutum goma. Ta toya duka don fushi. Ta kalli tulin a faranti, ta ce tsuntsaye ma sun fi mutane sanin alheri, ta ɗauka ta buɗe ƙofar baya ta fita da silifas, karo na farko tun da aka kafa ta. Tana marmasa waina a kan katanga ta ji ƙofar ta koma a bayanta, ƙyat.

Ta dawo ta danna hannun. Ya sauka, ƙofa ba ta motsa ba. Ta sake dannawa, ta sa kafaɗa. Ko gezau. Makullan na kan tebur, tana hango su ta gilashi. Daga ciki ƙofar na buɗewa da taɓawa ɗaya, daga waje kuwa sai da makulli.

Ta tsaya da faranti a hannu, iska na shiga mata ta ƙasan siket. Sai ta dubi ƙasa. Raɓa ta daskare a duk tsakar gidan, fari fat, ban da dokin ƙofarta da 'yar hanyar da ta tashi daga lungu zuwa gare shi. An share su, an barbaɗa gishiri don ƙanƙarar ta narke, kuma ba na yau kaɗai ba ne, ga tsohon gishiri nan ya taru a gefe-gefe. Hannun ƙofar sabo ne, amma inda ake dafawa ya riga ya dushe.

Glenys ta daɗe a wurin fiye da yadda sanyin ya yarda. Sannan ta bi lungu da silifas ɗinta da farantinta.

Rabonta da shiga gidan Dilwyn tun matarsa na da rai. Wurinta ake zuwa, ita ba ta zuwa. Ta manta zumunta a ƙafa take, kuma ita ma tana da ƙafa. Ta danna hannun ƙofarsa, ta buɗe ba gardama. Ta turo kai ta ce, "Ni ce."

Duk suna nan. Matan coci a jere kan benci, Cerys a ƙasa da Osian yana rarrafe da singileti kawai, Dilwyn tsaye da buta yana zuba wani shayi mai kama da ruwan wanki. Kicin ɗumi, amma zaman kamar na makoki. Suka zuba mata ido.

"Ƙofar banzan nan ta rufe ni a waje," ta ce. "Ashe kulle kanta take yi."

Cerys ta dafe baki. "Bopa! Ba ki tura ɗan maɓallin ba? Na gefen nan, wanda in an tura shi sama take buɗuwa daga waje? Ai kowa an nuna masa!"

"Wane maɓalli?"

"Wayyo Allah. Mu muka ce da gangan kika kulle. Muka ce fushi kike da mu, mun sa an kashe miki wutar Emrys."

Ɗaya daga cikin tsofaffin ta fara dariya, dariyar ta juye kuka, ta rasa wanne za ta yi. Dilwyn bai yi ko ɗaya ba. Ya ajiye butar a hankali.

"Ni na ce musu saboda habaicin da na yi miki ne," ya ce. "Kullum da safe ina zuwa in taɓa hannun. In ji ta a kulle, in juyo."

"Kai ne mai gishirin?"

"In kin fito kin zame, wa zai ji? Gidan naki ko ihu ba ya fita."

"To kai wane irin sakarai ne, Dilwyn? Kana tsaye a bakin ƙofata kullum, ina zaune a ciki kamar gunki, taku kaɗan tsakaninmu. Hannunka ya karye ne? Me ya hana ka ƙwanƙwasa?"

Ya dube ta kamar ta yi saɓo.

"Ni in ƙwanƙwasa miki ƙofa, Glenys? Ina wurin ranar da manajan rami ya ƙwanƙwasa taku. Na ga fuskar mahaifiyarki, na ga taki a bayan siket ɗinta. Gara ki shekara kina fushi da ni."

Glenys ta dubi farantin hannunta, ta dangwarar da shi a kan tebur.

"Ku ci kafin ta huce, rabin na tsuntsaye ne amma sun yafe. Kai kuma zubar da wannan abin, ba shayi ba ne. Ina ganyen yake?"

Rhian ce ta zo da makullin ajiya da rana, ta lungu, ba ta ƙwanƙwasa ba. Ta nuna wa Bopa maɓallin, ɗan abu kamar ƙwayar wake. Glenys ta tura shi sama, ta sa Cerys ta kawo salatif ta liƙe shi, ta sake liƙewa. Rhian ta ce a dai riƙa rufe ƙofar da sauri don kada ɗumi ya tsere, kamfani ya riga ya saya.

"Ki gaya musu su yi haƙuri," in ji Glenys. "Za ta riƙa buɗuwa da yawa."

Washegari ta fito da kofunan duka tun da wuri, ta ɗora buta, ta zauna tana fuskantar ƙofa, hannuwanta a cinya. Kicin babu wuta, babu abin da za a zo ɗiba. Can sai ta ga hannun ƙofar ya sauka a hankali, kamar mai dannawar bai gama yarda ba.

"Ni ne," in ji Dilwyn.

"Na sani. Rufe mana ƙofa, kana shigo da sanyi."